Eugen Sandow: mutumin da ya shigar da ƙarfen motsa jiki cikin gidaje, aka binne shi babu suna

A watan Oktoba na 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, Samson Dauda, haifaffen Legas mazaunin Ingila, ya lashe gasar Mr. Olympia, wadda ita ce ƙololuwar gasar masu gina jiki a duniya. Kafin shi Big Ramy na Masar ya ci a 2020 da 2021, Hadi Choopan na Iran ya ci a 2022. Duk wanda ya taɓa leƙa wuraren ɗaga ƙarfe na Nima ko Maamobi ya ga hotunan irin waɗannan zaratan, ko a bango ko a wayoyin samari. Amma ban da kuɗi, akwai wani ɗan mutum-mutumi na tagulla da ake miƙa wa zakaran, siffar wani Bature mai gashin baki riƙe da sandar ƙarfe. Sandow ake ce wa kyautar. Na sha tambayar samarinmu ko wane ne wannan Sandow ɗin, akasari sai su ce ai sunan kofin ne kawai.

To, mutum ne, kuma bana shekara 100 da wani abu ke nan da mutuwarsa. Na waiwayi tarihinsa ne saboda 'yan watannin nan ina ta zirga-zirgar haɗa ƙarafan da zan ajiye a gida, tunda shekaru sun fara ja, kuma layin jiran benci a jim ɗin unguwa bayan sallar asuba ya fi ƙarfina. Duk inda na shiga, daga shagon kayan waje mai sanyin na'ura zuwa rumfar mai walda, sai in tarar da irin cinikin da wannan mutum ya buɗe tun kafin a kafa Nima: a nuna maka jikin wani, a sayar maka da ƙarfe.

Sunansa na yanka Friedrich Wilhelm Müller. An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1867, a Königsberg ta ƙasar Furushiya, garin da yanzu yake hannun Rasha ana kiransa Kaliningrad. Mahaifinsa ɗan tireda ne mai sayar da kayan lambu. Shi dai daga baya ya riƙa ba da labarin cewa ya taso siriri mai yawan laulayi, har sai da uban ya kai shi Italiya ya ga gumakan Girkawa da Rumawa na dā, ya ƙudura sai ya mai da jikinsa kamar nasu. Masu bin diddigin tarihinsa ba su cika gaskata wannan ba, ni ma haka. Labarin rarrauna da ya zama ƙato ya fi saurin sayar da kaya a kan labarin yaron da Allah ya ba ƙira tun daga ciki, kuma Sandow ɗan kasuwa ne tun kafin ya yi shago.

A 1885 ya bar ƙasarsu don kada a ɗauke shi aikin soja na tilas. Ya bi 'yan wasan sakos, ya yi kokawa, ya tsaya wa masu zane da masu sassaƙa suna kwaikwayon jikinsa don ya samu na abinci. A wannan yawon ne ya sauya suna ya koma Eugen Sandow. A Brussels ta Beljiyam ya haɗu da malaminsa na gaske, Ludwig Durlacher, wanda aka fi sani da Farfesa Attila. Shi ya koya masa ɗaga ƙarfe mai nauyi da ƙara nauyin kaɗan-kaɗan, da kuma yadda ake tsayawa gaban jama'a. Ƙarafan wancan zamani ba faifai ake jera musu ba. Sanda ce mai ƙwallaye biyu a gefe, wasu masu rami a ciki, ana ɗura musu yashi ko ƙwayoyin dalma idan ana son ƙarin nauyi. A riƙe wannan batu na Attila da ƙarfe mai nauyi, zan dawo kansa.

Sunansa ya fito ne a Landan a 1889. A gidan wasa na Royal Aquarium akwai wani Charles Sampson da ke kiran kansa mafi ƙarfin duniya, da yaronsa da ake kira Cyclops. Kullum dare sai Sampson ya yi cika baki, ya sa fam 100 ga duk wanda ya iya abin da Cyclops ke yi, da wani kuɗi mafi tsoka ga wanda ya kara da shi kansa. Ranar 29 ga Oktoba, wani saurayi ɗan shekara 22 ya taso daga cikin 'yan kallo sanye da kwat ta zuwa dina. Mutane suka yi ta dariya, don a cikin tufa ba ya da wani girman a-zo-a-gani. Ya fizge kwat ɗin, dariya ta ɗauke. Ya ɗaga duk abin da Cyclops ya ɗaga. Ranar 2 ga Nuwamba ya dawo ya kara da Sampson, ya lanƙwasa ƙarfe, ya tsinka sarƙa, alƙalai suka ba shi. Ɗaya daga cikin alƙalan shi ne Marquess na Queensberry, wanda dokokin damben zamani ke ɗauke da sunansa, dokokin da yaran Bukom ke bi har gobe.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka shi ne ya fi kowa ƙarfi a zamaninsa. Ba shi ba ne. Wani Bajamushe, Arthur Saxon, ya fi shi iya ɗaga nauyi da hannu ɗaya nesa ba kusa ba. Sandow ya gwada ƙarfen Saxon a bainar jama'a bai iya miƙewa da shi sosai ba. Da Saxon ya shiga tallata wannan, sai Sandow ya kai ƙara kotu, ya kuma yi nasara a can. Wato abin da ya gagara a dandali an same shi a hannun lauya. Abin da Sandow ya fi kowa shi ne fahimtar cewa mutane sun fi son kallon jikin a kan ƙidayar kilon.

Wanda ya fara gane haka da kyau shi ne Florenz Ziegfeld, wani matashin mai shirya wasanni da ya ɗauke shi zuwa Chicago a 1893, lokacin babban bajekolin duniya. Ziegfeld ya rage ɗage-ɗagen, ya ƙara tsayuwa. A shafa wa Sandow farar hoda, a sa shi cikin akwati mai baƙin ƙyalle, a haska fitila, ya riƙa murɗa damtse da ciki da baya kamar gunkin dutse ya samu rai. Matan attajirai suna ba da gudummawar kuɗi don a bar su su taɓa damtsen bayan wasa. A 1894 aka ɗauke shi a ɗaya daga cikin fina-finan farko na kamfanin Thomas Edison, ɗan guntu da bai kai minti ɗaya ba, wanda har yanzu yana intanet. A shekarar kuma, a San Francisco, aka shirya masa kokawa da zaki. An sa wa zakin takunkumi, an rufe masa farata, dabbar ma ta ƙi tashi ta yi faɗa, jama'a suka yi ta ihu. Wannan kam abin kunya ne, kuma jaridun garin ba su raga masa ba.

Hotunansa na lokacin, gaskiya, ba irin waɗanda za ka rataye a zauren gidanku ba ne. Wasu daga shi sai ganye ɗaya. Amma sun sayu kamar ƙosai da safe, kuma su suka kai fuskarsa ƙasashen da ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Da ya koma Landan, sai ya juya daga ɗan wasa ya zama malami kuma ɗan kasuwa, kuma nan ne tarihinsa ya shafe mu. A 1897 ya buɗe makarantar motsa jiki a titin St James's, unguwar masu hannu da shuni, da darduma da madubai da ɗakunan wanka. Kafin nan wurin ɗaga ƙarfe wuri ne na 'yan dako da 'yan kokawa, mai mutunci ba ya shiga. A shekarar ya fitar da littafin koyarwa mai ɗauke da jadawalin atisaye da wurin rubuta awon ƙirji da damtse. A 1898 ya kafa mujalla. Sannan ya buɗe koyarwa ta gidan waya: ka aiko da awonka da kuɗinka, a aiko maka da darasi.

Sai kaya. Akwai igiyoyin roba da ake maƙalawa a jikin ƙofa ana ja. Akwai kuma shahararren dambel ɗinsa, wanda aka tsaga gida biyu aka jera sifirin a tsakani, sai ka matse shi da tafin hannu kafin ka fara motsi. Yana zuwa a cikin akwati mai kyau da takardar hotuna, akwai na maza, na mata, na samari, har na yara. Nauyinsa bai kai kilo 3 ba. Koyarwar ita ce ba nauyi ke gina jiki ba, tattara hankali a kan tsokar da ake motsawa ne. Akawu a Manchester, ɗalibi a Kalkata, soja a Afirka ta Kudu, kowa na iya ajiye jim ɗinsa a ƙarƙashin gado. Wannan tunani na cewa ba sai ka je ko'ina ba, ɗakinka ya isa, Sandow ne ya yaɗa shi a duniya fiye da kowa kafin shi.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Jikin da ke kan akwatin ba da ƙarfen cikin akwatin aka gina shi ba. Da manyan ƙarafan Attila aka gina shi, da shekarun kokawa da tsalle-tsalle, da kuma ƙirar haihuwa. Ƙaramin dambel yana da amfani, ban musa ba: yana motsa jini, yana sassauta gaɓoɓi, ya dace da dattijo da mai farfaɗowa daga jinya da wanda bai taɓa ɗaga komai ba. Sai dai ba zai ba ka faɗin bayan Sandow ba ko da ka shekara goma kana matsa shi. Me ya sa ya sayar da ƙarami? Lissafi ne mai sauƙi. Ƙarfen kilo 2 yana shiga jakar ɗan aike. Na kilo 80 kuwa kuɗin dakonsa kaɗai ya isa ya kori mai saye.

Wani yaro ɗan Philadelphia mai suna Alan Calvert ya kalli Sandow a 1893, ya koma gida ya bi ƙananan ƙarafa shekara da shekaru, bai ga abin da aka yi masa alkawari ba. Da ya gano bakin zaren, sai a 1902 ya kafa kamfanin Milo Barbell, na farko a Amurka da ya riƙa ƙera sandar ƙarfe mai nauyi wadda ake iya ƙara mata ko rage mata, don amfanin gida. Ya kuma yi rubutu yana tona asirin dabarun 'yan wasan ƙarfi. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1930, Bob Hoffman na York Barbell ya saye shi. Sandar da faifan da muke nema a kasuwa yau jikokin Calvert ne. Tallan da ke sa mu nema kuwa jikan Sandow ne.

Sunan Milo ɗin nan daga wani ɗan kokawar Girka na dā aka ɗauko shi, wanda ake cewa kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa har maraƙin ya zama sa. Daga shi kuma aka ɗauko sunan Milo da muke sha da burodi. Saboda haka duk yaron Maamobi da ya cika gwangwanayen Milo biyu da kankare ya soka bututu a tsakani, ya dawo da suna gidansu ne bai sani ba.

Tunda na zo nan, bari in ɗan tsaya a kan abin da na gani a yawon sayen nawa. Ƙarfe iri uku ne a garin nan. Akwai na kankare, wanda kusan kyauta ne, amma kankare ya fi ƙarfe sauƙin nauyi kusan ninki uku, don haka faifan kilo 20 sai ya zama kamar tayar mota, ga shi yana ɓarewa idan ya sha ƙasa. Akwai na kayan mota, faifan birki da giya da makamantansu, waɗanda ake samowa wajen Abossey Okai ko Kokompe ko hannun 'yan gwangwan, mai walda ya haɗa. Wannan shi ne ƙashin bayan jim ɗin zango, ya kuma gina ƙirazan da suka fi na masu biyan kuɗin wata a East Legon. Illarsa ita ce da wuya gefe biyu su yi daidai, kuma bambancin kilo biyu tsakanin dama da hagu, kafaɗa ce ke biyansa a hankali. Sai na waje, sabo ko na hannu, da ke shigowa ta Tema.

A na wajen ma akwai tarko. Sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, bakinta inda faifai ke shiga kaurinsa milimita 50. Ta mata kilo 15. Ƙananan sanduna na gida kuwa bakinsu tsakanin milimita 25 zuwa 30 ne, kuma su ma ba duka suka yi daidai da juna ba. Mutum sai ya sayi sanda nan, faifai can, ya isa gida ramin ya ƙi shiga. Akwai kuma faifan roba mai ƙyalli da aka ɗura wa siminti ko yashi a ciki, da sanda mai rami wadda ke lanƙwashewa tun ba a je ko'ina ba. Wani mai shago, ba zan faɗi inda yake ba, ya nuna mini faifai an rubuta 20 a jiki, na sa aka ɗora a sikelin mai sayar da masara na kusa, allura ta tsaya ƙasa da haka sosai. Da na yi magana sai ya nuna mini hoton ƙaton da ke jikin kwalin, wai ai irinsa yake amfani da shi. Na yi dariya, don na san wanda ya fara wannan amsa. Ni dai yanzu da sikeli da tef nake fita, kuma na fi yarda da tsohon ƙarfe mai tsatsa a kan sabo mai hoto. Wanda ke gidan haya mai tsakar gida ɗaya kuma ya tuna da daɓen mai gida da ƙafafun yara kafin ya shigo da kilo 100.

Mu koma ga mutumin. Ranar 14 ga Satumba, 1901, ya shirya babbar gasar gina jiki ta farko a zauren Royal Albert Hall, bayan an ɗauki shekaru ana tankaɗe da rairaya a yankunan Birtaniya. Zauren ya cika har aka mai da mutane. Alƙalai uku ne: shi kansa, da Sir Charles Lawes mai sassaƙa, da Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda abokinsa ne kuma ɗalibinsa. William Murray na Nottingham ya zo na ɗaya, aka ba shi mutum-mutumin Sandow mai ruwan zinariya. Irin wannan mutum-mutumi, aikin Frederick Pomeroy, shi ake bai wa zakaran Mr. Olympia tun 1977.

Kuɗin ƙofar gasar an ba da shi ne ga asusun taimakon waɗanda yaƙin Boer ya shafa, kuma ba haka kawai ba. Yaƙin ya tona wa Ingila asiri. An ruwaito cewa a Manchester, cikin mutum kusan 11,000 da suka zo shiga soja, an mai da 8,000 saboda raunin jiki. Daular da ke mulkin babban yanki na duniya ta duba ta ga 'ya'yan talakawanta ƙirji ya shige, haƙora sun zube. A daidai wannan lokaci, a nan Gold Coast, da ƙafafun sojojin da ake kira Hausawa take yaƙe-yaƙenta, har da na Yaa Asantewaa a 1900. Sandow, wanda ya gudu daga aikin soja a ƙasarsu, sai ga shi yana horar da samarin Ingila don su cika awon shiga soja. A 1901 ɗin kuma gidan tarihin halittu na Landan ya sa aka kwafi jikinsa da filasta daga kai har ƙafa, aka kafa a matsayin samfurin cikakken Bature. Bai daɗe a tsaye ba aka sauke. Da masu wannan aiki sun sauko bakin teku a Jamestown sun ga masu jan kwalekwale suna sauke kaya daga jirgi, da wataƙila sun rage cika baki.

Wannan ɓangare ne ya fi tsaya mini a rai. Jiki mai ƙarfi bai taɓa rasa mai saye ba, kuma sau da yawa ba mai jikin ne ke cin riba ba. A can daula ce ke nema. A nan mun san su wa ke zuwa bes-bes ɗin samari idan zaɓe ya ƙarato ko rigimar fili ta tashi, suna neman maco. Mun ga abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu, 2019, nan kusa da mu, wanda ya kai ga kafa dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga a shekarar. Mafi yawan masu ɗaga ƙarfe a zango ba ruwansu da wannan. Teloli ne, makanikai, ɗalibai, direbobi, masu gadi na halal. Amma ƙalilan sun ja wa sauran, har ta kai idan ƙato ya ce daga Nima yake, sai a fara yi masa wani kallo. Ina jin wannan na cikin dalilan da ya sa wasu iyaye suka fi son su saya wa yaro ƙarfe ya ajiye a gida, inda ido ke kansa.

Sandow ya zaga duniya: Ostireliya da New Zealand a 1902, Afirka ta Kudu a 1904, Indiya a 1905. A Indiya an tarbe shi kamar sarki, kuma abin mamaki, 'yan kishin ƙasa ne suka fi rungumar koyarwarsa, don Turawa sun daɗe suna yi musu gorin rauni. Har yau a Bengal da Filifin singileti mara hannu sando ake ce mata. A 1906 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. A 1911 Sarki George na Biyar ya naɗa shi malamin motsa jikinsa. Akwai ma wani dutse a yankin ƙanƙara na Antatika da aka sa wa sunansa, saboda ya taimaka wa masu binciken can da kuɗi. Ɗan mai sayar da kayan lambu ya kai inda ake zuwa.

Daga nan sai koko. A 1911, shekarar da Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, lokacin da kakannin da yawa daga cikinmu ke gangarowa daga arewa zuwa gonakin kurmi, Sandow ya shiga kasuwar garin koko na sha da sunansa a jikin gwangwani, yana tallata shi a matsayin abin ƙara ƙarfi. Ya zuba dukiya, ya gina ƙatuwar masana'anta a Hayes, yammacin Landan. Ya shiga gonar manya irin su Cadbury, ba su kuwa ji daɗi ba. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Duk abin da ke da ƙamshin Jamus ya zama abin ƙyama a Ingila. Takardar zama ɗan ƙasa ba ta goge harshensa ba, naɗin sarki bai hana tsegumi ba, har jita-jita ta yaɗu cewa an kama shi da leƙen asiri an harbe. Ƙarya ce, amma ciniki ya mutu. A 1916 kamfanin kokon ya rushe. Masana'antar daga baya ta faɗa hannun Nestlé, masu Milo.

Mu da aka haifi kakanninmu a ƙasar nan amma har yanzu ake tambayarmu asali idan mun je yin katin ɗan ƙasa, ba sai an yi mana dogon bayanin yadda wannan ke ci a rai ba. Shekara 25 yana gina wa Ingila samari, rana ɗaya ya koma baƙo.

Bai talauce ba, amma hasken ya dushe. Ya ci gaba da koyarwa da rubutu, ya fitar da wani babban littafi bayan yaƙi yana jayayya cewa motsa jiki magani ne, kuma ya kamata hukuma ta sa shi a makarantu. A wannan kam zamani ya gaskata shi fiye da yadda ya gaskata dambel mai sifirin. Duk likitan da ya auna maka hawan jini ko suga a asibitin Maamobi, abin da zai fara ce maka ke nan.

Wani abu kuma da ya sa nake son samarinmu su kalli ɗan fim ɗin nan na 1894. Sandow bai kai mita 1.8 ba, nauyinsa wajen kilo 80 da 'yan kai. Sinadarin testosterone ba a iya haɗa shi a ɗakin bincike ba sai 1935, shekara goma bayan mutuwarsa. Ke nan babu allura ko ƙwaya ko ɗaya a jikin da ke cikin fim ɗin. Abin da ƙarfe da abinci da barci da ƙirar haihuwa za su iya bayarwa ke nan, a wajen mutumin da ya fi kowa sa'ar ƙira a zamaninsa. Yau a wasu wuraren ana miƙa wa yaro ɗan shekara 19 kwalba a bayan benci, babu takardar likita, babu mai gaya masa abin da take yi wa hanta da zuciya da haihuwa, don yana son ya ninka Sandow cikin wata shida.

Ya mutu a gidansa na Holland Park Avenue a Landan ranar 14 ga Oktoba, 1925, yana da shekara 58. Labarin da aka bai wa jaridu shi ne jijiya ce ta fashe masa sakamakon ciccibo motarsa daga rami shi kaɗai bayan wani haɗari. Masu tarihi da yawa sun fi karkata ga cewa babbar jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe. Ko a mutuwa, an samo labarin da ya dace da talla.

Matarsa Blanche, 'yar wani mai ɗaukar hoto a Manchester, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, Helen da Lorraine, ta sa aka binne shi a maƙabartar Putney Vale ba tare da ko ɗan dutse mai suna ba. A wajenmu kabari mara ado ba abin magana ba ne. A wajensu, ga mutum irin wannan, magana ce babba, kuma an daɗe ana danganta ta da zaman da ya yi tsami tsakaninsu da yawan mu'amalarsa a waje. Iyalin ba su yi bayani ba, ba su kuma bari wani ya sa dutsen ba. Nima ma sai bayan 'yan shekaru aka fara saranta, a farkon shekarun 1930, zamanin Malam Amadu Futa.

Haka kabarin ya zauna cikin ciyawa shekara 77, alhali ana ta miƙa mutum-mutuminsa a dandamali a Amurka. Sai a 2002 wani mai sha'awar tarihinsa ya sa alama. A 2008 wani daga cikin tattaɓa-kunnensa ya kafa dogon dutse ja-ja, an sassaƙa SANDOW daga sama zuwa ƙasa, kuma a 2009 aka liƙa shuɗin allon tunawa a bangon gidan da ya mutu a ciki.